Kalandar da Aka Ƙi Yi Domina

Ni ne wawan wannan labari, kuma gara in faɗa da bakina kafin mai kantin unguwarmu ya riga ni, don shi in ya ba da shi sai ya ƙara gishiri da barkono. Amma a sani, ba ni na tsokano ba. Ina zaune lafiya a ƙofar gidana, ban nemi kowa da faɗa ba, jikata ta sauko daga motar Katsina da jaka a baya kamar mai gudun hijira, ta zo ta hana ni sakat.

'Yar babban ɗana ce. Karatun kwamfuta take yi, abin da har yau ban ga ya ƙara mata ladabi ba. Ni kuwa a aji huɗu na firamare na yi sallama da boko, ba don ya fi ƙarfina ba, sai don na lura malamin ya fara maimaita abin da na riga na sani. Na koma dillancin tumaki da awaki, na ci kasuwannin ƙasar Daura har Mashi da tsallaken iyaka, sai da gwiwa ta ce ta gaji. Daga nan na zauna a majalisar ƙofar gida, na zama wanda ake tambaya. Yaushe ne sunan gidan wane? A wane masallaci za a ɗaura auren 'yar wance? Addu'ar arba'in ɗin marigayi wane ta zo ko da saura? Duk unguwarmu ta bayan rijiyar Kusugu ni ake tambaya, kuma ban taɓa cewa ban sani ba. Ɗan abin da ya rage mini na sarauta ke nan, kuma shi yarinyar nan ta zo ta taɓa.

Washegarin zuwanta ta same ni a zaure ina shan koko, ta ce, "Tsoho, kalanda zan yi, kuma ina da tambayoyi."

Na ce kalanda ai ba a yin ta, rabawa ake yi. Duk shekara 'yan siyasa na kawo mana da hotonsu, mu rataye a inda bango ya tsage. Ta ce tata ba ta bango ba ce, ta intanet ce, mutum ya buɗe a wayarsa ya sa sha'anin da ke gabansa, in lokaci ya yi ta tuna masa. Aikin gama karatunta ne, kuma dole ta kai wa malamanta abin da ke aiki kafin hutu ya ƙare.

Na ce, "To yi mana, wa ya riƙe ki?"

Ta ce ba a farawa haka. Sai ta fara sanin su wa za ta yi wa, sannan ta san abin da ya fi damunsu ta fara da shi, tunda ita kaɗai ce kuma lokaci kaɗan ne. Na ce ta yi wa kowa da kowa, mutanen Daura ba su da rowa. Ta ce in ta ce ta kowa ce, za ta cika ta da tarkace, kowa ya buɗe ya rasa nasa. Dole a zaɓi wasu a sa gaba, sauran su jira.

Da jin "a sa gaba" na san da ni ake. Wa za a sa gaba a maganar ranaku in ba ni ba? Na ce ta dakata. Na shiga ɗaki na zumbula babbar riga, na kafa hula, na dawo na zauna kan buzu. Ta dube ni ta ce, "Ba hoto zan ɗauka ba fa." Na ce ni ma ba don ita na sa ba, don ilimin da zai fita ne.

Abu na farko da na ba ta shi ne ranakun kasuwa. Na ce ta jera su duka, na gida da na ƙauye da na bakin iyaka, kalanda ta riƙa tuna wa dillalai. Ta tambaye ni ko a zamanin dillancina na taɓa manta ranar kasuwa. Na ce ko ina cikin zazzaɓi ban taɓa ba. Ta ce ko na san dillalin da ya taɓa mantawa. Na ce wanda ya manta ranar kasuwa ai ba dillali ba ne, ɗan rakiya ne.

Ta ce, "Ka ga ke nan ba ku da bukata."

Na haɗiye wannan, don babba ba ya nuna an taka shi. Na wuce na biyu. Na ce kada ta sake ta cika abin da ƙarfe kaza da minti kaza, don mu nan ba wanda ke ɗaura aure da minti. Bayan La'asar ne, ko bayan saukowa daga Juma'a, ko da an sallame Asuba. Kuma ta haɗa watan Musulunci da na Bature, ta bar wa ganin wata ƙofa. Ina faɗa ina jin daɗin kaina, don na san ko malaman nata ba su kai nan ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Hajiya ta faɗa mini jiya, na riga na sa."

Hajiya matata ce, kakarta. Jiya kuwa da ta ambata ita ce ranar da ta sauka. Wato tun kafin ta gaishe ni da kyau ta fara aikin a cikin gida. Wannan ma na haɗiye.

Sai na fito da babban makamina. Na ce abin da Daura ke bukata da gaske shi ne kalandar da za ta riƙe wanda ya zo da wanda bai zo ba. In mutum ya yi suna ko aka yi masa rasuwa, a ga sunayen da suka halarta a gefe, waɗanda suka noƙe a gefe, da jan rubutu. In nasu ya tashi, kalanda ta tuna maka cewa wannan bai zo naka ba. Na kawo mata misalin mai kanti, wanda lokacin rasuwar ƙanena bai leƙo ba sai ranar uku, wai ya je sarin kaya Kano. Na kuma ce in za a jera sunayen masu gayya a jera su bisa girma, kada a wayi gari a ga sunan mai sayar da sabulu a saman na wanda ya girme shi.

Ta rufe kwamfutar ta ce, "Tsoho, kalanda na ce zan yi, ba kotu ba."

Na ce, "Ke dai ba ki san abin da ke riƙe da zumunci ba. Tsoro ne."

Ta ce za ta duba. Na san "zan duba" irin ta 'yan boko, ita ce "Allah ya kawo kasuwa" ta dillali. Amma a raina na ce yarinya ce, za ta kwana da maganar ta gane.

Da yamma na fita majalisa na ba da sanarwa. Na ce jikata na gina kalanda a intanet, kuma a kan kaina ake gina ta. Duk abin da na sani za a zuba a ciki, har mutanen Legas su riƙa buɗewa. Kowa ya gyaɗa kai don girmamawa, ban da mai kanti, wanda shagonsa ke jikin majalisar, kuma kunnensa ya fi sikelinsa aiki. Ya ce, "Malam, in a kan kanka ne, ai sai a rage mata nauyi. Ni dai tun jiya a cikin gida nake jin hayaniyar mata, ban ga an zo zaure ba." Na ce masa mai auna gishiri da gwangwani ba zai gane aikin ilimi ba.

Amma gaskiya ya faɗa, Allah ya isa. Kwanakin da suka biyo baya gidana ya zama kamar gidan biki. Da an yi Azahar sai mata su fara sallama: maƙwabta, mai kitso, ungozomar unguwa, matan 'ya'yana, kowace da 'yar wayarta, wata a ɗaure da roba, wata gilashi a fashe. Su baje a tsakar gida, yarinyar a tsakiyarsu tana tambaya suna amsawa gaba ɗaya. In na ratsa zan shiga ɗaki sai a yi tsit, a ce "Sannu Malam," in na wuce a ci gaba. Ni da aka gina abin a kaina, ko sau ɗaya ba a sake kira na ba.

Na daure har ranar da na kasa. Na aika aka kira ta zaure, na ce ta ba ni rahoto, tunda ni ne babban mai ba da shawara. Ta zauna a bakin tabarma tana cin gyaɗata ba tare da na ba ta ba, ta ce ta gama yanke shawara. Kalandar ta mata ce, matan da ke riƙe da sha'anin gida. Su ke bin barka da suna da biki da dubiya da gaisuwar mutuwa, su ke kai awon ciki da rigakafin yara, su ke sanin ranar da Islamiyya ta ce iyaye su zo, kuma duk a ka suke ɗauke da shi, ga girki ga raino. In abu ya kuɓuce musu, su ake zagi. Saboda haka da abin da suka nema za ta fara: tunatarwa ta zama da murya, don ba kowace ke karanta boko ba, abin ya buɗe a ƙaramar waya ko da sabis na wasa, mace ta sa haihuwa kalanda ta fitar mata da ranar suna, in ɗaya ta sa sha'ani, 'yan uwanta su gani ba sai an aika yaro gida-gida ba. Ranakun kasuwa sai in lokaci ya ragu. Jan rubutun waɗanda ba su zo ba kuwa, ko lokaci ya ragu ba za ta yi ba.

Na ce, "Mu kuma fa?"

Ta ce, "Ku kuna layi na biyu. Ku masu karɓar labari ne."

Ban taɓa jin zagi mai tsabta irin wannan ba. Ni, mai karɓar labari. Na ce mata tun ubanta na yawo ba wando nake raba wa unguwar nan ranaku. Ta ce ba ta musa ba, amma ta lura kullum da safe in Hajiya ta kawo mini koko takan tsaya ta yi 'yar magana kafin ta fita, kuma abin da ta faɗa shi nake fita da shi majalisa. Na ce wannan hira ce ta miji da mata, ba ta shafi 'yan makaranta ba. Hajiya tana tuna mini ne abin da na riga na sani, don ta samu ladan magana.

Don in rufe bakin kowa, na ɗaga murya yadda za a ji har madafa. Na ce daga yau kada wanda ya sake faɗa mini ranar komai a gidan nan. A kawo koko a ajiye a fita. Za a ga ko kan nan na aro ne. Daga ciki na ji Hajiya ta ce, "To, Malam." Da na san abin da ke cikin wannan "to" ɗin, da na janye tun a lokacin.

Kwanakin farko lafiya lau, don ina da sauran abin da na tara. Hajiya takan ajiye kokon ta juya kamar mai kai wa fursuna abinci. Ni kuma in fita in amsa tambayoyi da ƙarfi, in waiga ko yarinyar na ji.

Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan wani magini da ke ƙarshen layinmu, mutumin kirki, ɗan fari kuma namiji. Labarin ya iso majalisa ta bakin masu dawowa daga sallar Isha ranar Laraba. Na ce alhamdu lillahi, suna Laraba mai zuwa ke nan, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Na sanar wa kowa. Mai kanti ya ce, "Ka tabbata, Malam? Ko za ka leƙa ciki ka tambayo?" Na ce wanda ke shakka ya zauna ya tsare sabulunsa.

A nan sai in yi wa wanda ba ɗan gari ba bayani. A wurinmu yini yana ƙarewa ne da faɗuwar rana. Jaririn da ya faɗo bayan Magariba ba ɗan wannan rana ba ne, ɗan gobe ne, kuma da goben ake lissafa sunansa. Na san wannan tun ban fara gemu ba. Abin da ban sani ba shi ne lokacin da yaron maginin ya faɗo, don wannan ba a majalisa ake saninsa ba. Waɗanda ke ɗakin su suka san ko an kira salla ko ba a kira ba. Mu maza "an haihu" kawai ke iso mana. Shi maginin ya zagayo da goro ranar da na tafi dubiya ƙauye, ya bar nawa a cikin gida, aka ajiye mini a faranti kusa da koko, ba a ce komai ba, bisa umarnina. Na cinye goron ban tambaya ba. Wasu daga cikin 'yan majalisa sun ce kamar Alhamis suka ji an ce, na ce kunnensu ne ya tsufa. Da yake ban taɓa kuskure ba, suka bar nasu suka kama nawa.

Ranar Laraba da aka sallame Asuba na ja tawaga. Dattawa ne masu mutunci, har da mai ciwon ƙafa da aka ɗora a babur. Ina gaba da farar riga, na sha turare. Muna karya kwana na ga ƙofar gidan fayau, ba tabarma ba benci. Na ce wa na kusa da ni yaran zamani ba su iya shirin suna ba. Muka yi sallama. Maginin ya fito da singileti, da asuwaki a baki, ya gan mu ya rikice, ya ɗauka rasuwa aka yi. A bayansa kuma, a cikin zaure, ga ragon sunan a ɗaure yana cin harawa, ya ɗago ya dube ni ido cikin ido yana tauna.

Bawan Allah ya durƙusa ya ce, "Baba, ai gobe ne. Bayan Magariba ta sauka."

Ya shiga ba mu haƙuri kamar shi ya yi laifi, yana cewa a kawo shayi. Wannan ya fi komai ciwo. Muka juyo, mai ciwon ƙafa yana ta tambayar wa zai biya ɗan acaɓa na gobe. Mai kanti bai bi mu ba, yana tsaye a ƙofar shagonsa yana buɗe kwaɗo. Ya ce, "Har an shafa fatiha? Wane suna aka sa wa ragon?"

Na ajiye shi a inda nake ajiye irinsa. Na faɗa gida ko takalmi ban cire daidai ba. Na tarar da su a tsakar gida, Hajiya na dama koko, yarinyar na gefenta da kwamfuta a cinya. Na ce wa Hajiya ta san suna Alhamis ne ta bar ni na kwashi dattawa na kai su gaban rago. Ta ce, "Kai ka hana, Malam." Ta ci gaba da damunta.

Yarinyar ta juyo da kwamfutar ta ce in duba. Ta taɓa wurin sa haihuwa, sai wata murya ta fito, muryarta ce ma, tana tambaya: kafin Magariba aka haihu ko bayan Magariba? Ta ce ungozoma ce ta ce wannan ta zama tambayar farko, kafin ma a tambayi namiji ne ko mace.

Wani a matsayina da sai ya yi shiru ya shige ɗaki. Ni dillali ne, ban saba barin ciniki don an taya da araha ba. Nan take na juya maganar. Na ce to madalla, ga hujja ta fito. Wa ya ɓata yau, mata ko maza? Maza. Wa ya sha kunya? Dattawa. Ashe ke nan mu ne mabukata na gaskiya, mu ya kamata a sa a layin farko. Na ce ta sauya tsarin tun da sauran hutu, ta rubuta wa malamanta cewa bincike ya nuna dattawan majalisa ne kan gaba, ta sa ni a matsayin wanda aka gwada abin a kansa, in fita da shi yau ɗin nan in nuna wa mai kanti. Na ce ko jan rubutun na yafe, a bar shi sai zagaye na biyu.

Ta ce, "Tsoho, ko na sa ku gaba, wa zai zuba labarin a ciki? Ba ku ɗakin haihuwa, ba ku wurin awo. Kalanda ba ta duba, abin da aka faɗa mata take faɗa."

Na ce ba ruwana, ni dai a yi mini tawa. Na ce gidana ne, wutar da take cajin kwamfutar tawa ce, gyaɗar da take ci tawa ce, kuma ba za a yi kalanda a ƙarƙashin rufina a ce mai gidan ya bi layi ba. Ina cikin faɗa har hula ta karkace.

Hajiya ta sauke ludayi, ta zuba koko a kwanona, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, "Malam, ƙyale yarinya ta yi aikinta. Kai da aka ba ka kalanda mai magana, mai kawo maka koko har zaure, ba caji ba data, ka kashe ta da bakinka, wa zai yarda ya ba ka sabuwa?"